Cokali a Murfin Gwaggo

Cokali na farko da ya ɓace a gidan babu wanda ya damu da shi. Na biyu da na uku matar Yaya ta ɗora wa maƙwabta, ta ce masu aron kaya ba su san hanyar dawowa ba. Sai da aka wayi gari gida duka na jiran cokali ɗaya a juya shayi, sannan ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Ni dai a gaya mini gaskiya. Ko dai akwai mai cin ƙarfe a gidan nan?"

Yaya ya kafa ido a cikin kofinsa kamar an ce masa akwai labari a ciki. Auta, ƙanwarsa, ta shiga shafa wa burodi bota da natsuwar da ba a san ta da ita ba. Mama ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce ita dai a bar mata allurarta, kada ɓarawon ya gaji da cokali ya koma kanta.

Su biyun nan sun san inda cokulan suke tafiya. Yaya ne ke fita da su a aljihu, Auta kuma ke sace su a wurinsa.

Masana'antar sabulu suke aiki, layi ɗaya. Yaya ne ya nema mata aikin, ya yi ta sintiri ofishin manaja har takalminsa ya san hanya, kuma bai taɓa barin ta manta da hakan ba. Shi ke kula da babban injin murɗa, wanda ma'aikata ke kira Gwaggo saboda ba ta ƙoshi kuma ba ta daina gunaguni. Ana zuba mata kwaɓaɓɓen sabulu ta baki a sama, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin cinya yana juyawa a cikinta, yana matse shi, yana turo shi ta ɗaya gefen dogo sambal, ya hau bel ya tafi wurin Dogo mai injin yanka. Auta tana tsakani. Aikinta ta sa ido kan agogon zafi da na matsi, ta ƙara kala da turare, ta kira Yaya in allurar agogo ta kusa jan layi.

Bakin Gwaggo yana da murfin raga. A gefen murfin akwai wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar wake biyu ba. In an rufe murfi ya danne shi, inji ya yi aiki. In an ɗaga, maɓallin ya taso, inji ya tsaya cik. Wanda ya ƙera abin ya san halin ɗan Adam, sai dai bai san Yaya ba.

Sabulu yakan maƙale a baki ya ƙi gangarawa. Ƙa'ida ita ce a tsayar da inji, a je bango a sauke babban makunni, a rataya masa kwaɗo, a sa makulli a aljihu, sannan a ɗaga murfi a tura sabulun da doguwar sandar da kamfani ya bayar. Kowane ma'aikaci da kwaɗonsa. Na Yaya yana can cikin akwatinsa, sabo fil, ko kwarzane babu. Shi abin da yake yi, ya ɗora bakin cokali a kan ɗan maɓallin, ya naɗe da roba tamau, Gwaggo ta ɗauka murfinta a rufe yake. Daga nan ya bar murfi a buɗe, ya riƙa danna sabulu da tafin hannu ƙarfen na juyawa a ƙasa, yana yi yana fito.

Duk lokacin da hannun nan ya nutse cikin bakin Gwaggo sai Auta ta kafa masa ido. Tsoro take ji na gaske. Hannun dama ne, wanda yake zira wa Mama zare a allura kowace yamma tun da idonta ya yi rauni, wanda ya saba ranƙwashin kan Auta tun tana yarinya. Ta san abin da ƙarfen nan ke yi wa sabulu mai tauri, ba ta bukatar a gaya mata abin da zai yi wa yatsu.

Ta yi magana, ba sau ɗaya ba.

"Yaya, don girman Allah ka riƙa tsayar da ita."

"Ke da kika zo jiya? Ni da Gwaggo mun san juna tun kina zuwa makaranta da majina."

"Ƙarfe bai san kowa ba, Yaya."

"Duba agogonki, malama. Zafi na hawa."

Kai ƙara wurin manaja kuwa ba ta ko fara ba. An sanar tun ranar ɗaukarta aiki cewa duk wanda aka kama ya toshe maɓallin murfi, ƙofa zai nufa. Ta yaya za ta sa a kori wanda ya kawo ta, ta dawo gida ta zauna da matarsa da 'ya'yansa a tabarma ɗaya? In ta yi shiru hannu zai tafi, in ta yi magana aiki zai tafi. Sai ta zaɓi sata. Da Yaya ya juya baya ta kwance cokali ta jefa cikin akwatinta. Washegari ya zo da wani. Bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa amsawa ba, gida ne kawai ke ƙarewa.

Ranar da ya zo da cokalin ƙarshe, wanda aka juya shayi da shi da safe, Auta ta gane cewa sata ta ƙare. Gobe da ludayi zai zo.

Ranar jan sabulu ake yi, mai ƙanshin fure. Tana auna kala a roba, ɗigo ya faɗa mata kan safar hannu, ya gangara ja wur. Ta tsaya tana kallonsa. Wani murmushi ya taso mata wanda da Mama na kusa da ta ce a kama yarinyar nan, akwai abin da take ƙullawa.

Safar hannunta kowa ya san ta. Ruwan ɗorawa ce kamar ta kowa, amma ita ta zana wa tata furanni da jan farce a wuyan hannu, don Dogo ya daina ɗauka yana cewa ya zaci tasa ce.

Da lokacin hutun rana ya matso, ta karkata kai ta yi muryar ƙanwa ta gari.

"Yaya, je ka ci abinci. Saura kaɗan a baki, ni zan ƙarasa in kashe."

"Kin iya?"

"Me zai gagara? In ya maƙale in danna shi da hannu, yadda kake yi. Na gani ai ba wuya."

Yaya ya juyo da sauri har hular kansa ta karkace.

"Kada ki soma! Kin ji ni ko? Ko da wasa hannunki kada ya kusanci wurin nan."

"To kai fa?"

"Ni daban. Ki kashe ta ki fito."

Ya tafi yana waiwaye. Dogo ya bi bayansa, sauran ma suka watse, ɗakin ya rage daga ita sai Gwaggo.

Ta kashe inji. Ta je bango bayan ginshiƙi ta sauke babban makunni, ta rataya jan kwaɗonta, ta sa makulli a aljihu, don ita ko mugunta za ta yi sai ta bi ƙa'ida. Ta cire safar dama ta cusa mata sabulu mai laushi, yatsa bayan yatsa, har ta cika ta yi nauyi kamar hannun mutum. Ta hau matakala ta saƙala ta tsakanin murɗin ƙarfen, yatsu uku a sama, a ɗan lanƙwashe kamar masu neman taimako. Ta tsiyaya jan kala a kai, a gefen baki, a kan matakala, ta ja ɗigo-ɗigo har bakin ƙofa. Ta cire takalmi ɗaya ta kifar. Cokalin Yaya kuwa ta bar shi daram a kan maɓalli, murfi a buɗe, don ya ga aikin wanene.

Ta ja baya ta duba. Ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi.

Sai ta tuna kwaɗon. In Yaya ya leƙa bayan ginshiƙi ya hango ja a bango, ya san an kulle wuta kafin a sa hannu, wasa ya lalace. Ai ta gama sa hannunta, me ya rage? Ta zaro makulli ta nufi bango da ɗingishin takalmi ɗaya. Ta kama kwaɗon ke nan ƙararrawar dawowa ta kaɗa, ta jiyo muryoyi a baranda. Ta yi tsaki, ta yafa wa makunnin tsumma, ta ruga bayan tarin kwalaye ta duƙa, makulli a hannu, tana toshe baki don dariya.

Yaya ne ya fara shigowa, yana sakace. Ta wata 'yar kafa tsakanin kwalaye take kallonsa. Ya ga ɗigon farko ya tsallake. Ya ga na biyu ya rage sauri. Da ya ga takalmin, tsinken ya faɗi daga bakinsa.

Auta ta shirya jin ihu. Ta shirya ganin ya zube, ko ya fita da gudu yana kiran jama'a, ita kuma ta fito tana tafi. Ba haka aka yi ba. Ya haye matakalar da tsalle ɗaya, ya leƙa, ya ga furannin jan farce a wuyan safa.

"Auta!"

Ba ta taɓa jin sunanta da irin wannan murya ba. Dariyar da ke bakinta ta koma ciki.

"Auta! Ina suka kai ta? Wayyo ni, na kashe yarinyar nan. Ku kawo ƙanƙara! An ce ana ɗinkewa in an yi sauri, ku kawo ƙanƙara!"

Kafin ta miƙe ya zura hannuwansa biyu cikin bakin Gwaggo har gwiwa, yana laluben tsakanin ƙarfe, yana ƙoƙarin zaro abin da ya ɗauka hannun ƙanwarsa ne ba tare da ya ƙara yage shi ba.

A daidai lokacin Dogo ya shigo ta ƙofar baya, can ƙarshen layi, abin sauraren waƙa toshe a kunnuwansa, yana gyaɗa kai. Layin nan yana da wata al'adar aiki da ba wanda ya taɓa ganin aibinta. Da an kaɗa ƙararrawa, duk wanda ya riga isa allon maɓallai sai ya danna kore, ba ya ko ɗaga kai. Me zai duba? In murfi a buɗe yake ai Gwaggo ba za ta tashi ba. Allon kuwa kusa da injin Dogo yake, kuma Dogo bai san zancen cokali ba.

Auta ta ga yatsansa ya nufi maɓallin. Ta ture kwalaye ta yi ƙara.

"Dogo, a'a!"

Ya riga ya danna.

Allon ya ce ƙyas. Gwaggo ba ta motsa ba.

Dogo, da yake mutum ne mai naci, ya sake dannawa. Ƙyas. Ya cire abin kunnensa ya ɗago yana shirin zagin masu wuta, sai ya ga Yaya a saman matakala, hannu biyu cikin inji, ja har gwiwa, ga Auta tsaye cikin rusassun kwalaye da takalmi ɗaya, hannayenta biyu lafiya lau a kan kanta.

Yaya ya dubi Dogo da yatsansa a kan kore. Ya dubi cokalin da ke ɗaure a kan maɓalli, tazarar taƙi ɗaya daga fuskarsa. Ya juya a hankali ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya zaro hannuwansa, safar na riƙe a dama. Ya matsa ta, jan sabulu ya fito ta wuyanta yana ƙanshin fure.

Auta ta zauna daɓas a kan kwali. Makullin na cikin tafinta, ta damƙe shi har ya yi mata shaida. Da ƙararrawar ta yi jinkirin numfashi biyu, da ta cire kwaɗon nan da hannunta. Ita da ta shirya wasa don ta ceci hannu ɗaya, saura ƙiris ta ba Gwaggo biyu. Kuka ya ƙwace mata, irin mai majina, wanda ba a yi a gaban abokan aiki.

Ma'aikata suka cika ɗakin. Wata ta zo da gudu da ƙanƙara a bokiti, ta tsaya tana neman wanda za a sa wa. Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya mayar da ita tari. Manaja ya ratso su, ya dubi jan da ke ƙasa, fuskarsa ta yi fari.

"Jinin waye wannan?"

"Kala ce, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Amma inji ya ƙi tashi."

Manaja ya zagaya bayan ginshiƙi ya yaye tsumma, ga jan kwaɗo. Ya dawo ya ɗaga kai wajen murfi. Auta ta buɗe baki za ta ƙirƙiro wata ƙarya, ko me ta samu, Yaya ya riga ta. Ya sa yatsunsa ya warware robar, ya sauko, ya miƙa wa manaja cokalin da hannu biyu.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni nake ɗaurawa. Ta hana ni, ban ji ba."

Manaja ya juya cokalin. Cokalin shayi ne, mai ɗan zanen ganye a mariƙi. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce su biyo shi ofis, su ukun.

Abin da aka faɗa a ofis ba gajere ba ne, kuma an jiyo shi har wurin masu lodi. Yaya bai rasa aiki ba, don shi ya miƙa kansa, amma an sauke shi daga kan Gwaggo zuwa ɗaukar kwalaye sai ranar da manaja ya huce, kuma an gaya masa ba a yin irin wannan afuwar sau biyu. Auta ta samu nata kason. Manaja ya ce kwaɗonta ya yi daidai, kanta ne bai yi ba, inji ba wurin wasan kwaikwayo ba ne, kuma wanda ya ga an toshe maɓalli ya yi shiru shi ma da hannunsa a ciki. Aka ba ta buroshi ta kankare jan da ta zuba, sannan ta ci gaba da kankare ɗakin duka har ƙarshen wata. Dogo ya ce shi me ya yi, aka ce daga yau kafin kowa ya taɓa kore sai ya taka da ƙafarsa ya ga murfi da idonsa ya kuma kira sunan mai inji ya amsa. Abin kunnen kuma ya zauna a gida.

A motar komawa Yaya ya juya mata ƙeya. Ya zauna jikin taga, hannuwansa a kan cinya. Kalar sabulu ba ta fita da wanki ɗaya, ya goge har fata ta yi zafi, jan na nan. Fasinjoji sai satar kallonsa suke suna matsawa.

Da suka shiga gida Auta ta zazzage jakarta a kan tabarma. Cokulan da ta kwaso daga akwatinta suka zubo da ƙara, manya da ƙanana. Matar Yaya ta fito daga kicin, ta dubi cokula, ta dubi hannun mijinta, ta dubi kumburarrun idanun Auta.

"Ba zan tambaya ba," ta ce, tana tsince su. "Wallahi ba zan tambaya ba. Ina mai zanen ganyen?"

"Yana wurin manaja," in ji Yaya.

"Manaja kuma? Shi ma ba shi da cokali a gidansa?"

Mama na zaune bakin ƙofa inda hasken yamma ke faɗowa, da rigar jikanta a cinya. Ba ta ganin ja sosai, ba ta kuma san komai ba. Ta ɗaga allura da zare kamar kullum.

"Zo ka zira mini, tun ɗazu nake jiranka."

Yaya ya durƙusa gabanta ya karɓa. Zaren ya wuce ta gefen kafa. Ya lasa ya sake, ya sake wucewa.

"Yau kuma lafiya?" in ji Mama.

"Kawo in yi, Yaya," Auta ta faɗa a hankali.

Bai ko dube ta ba. Ya dafa gwiwar hannunsa a kan ƙafa, ya riƙe numfashi, ya yi ta gwadawa har zaren ya shiga. Ya ja shi, ya ƙulla bakin, ya miƙa wa Mama. Sannan ya juyo.

"Ke. Miƙo hannunki."

Ta miƙa masa na dama. Ya riƙe shi cikin jajayen tafukansa, ya juya bayansa, ya juya cikinsa, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kayan da zai saya. Idonsa ya kawo ruwa, ya ɗauke kai ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa. Da ya gamsu ya sake ta, ya dunƙule hannunsa na dama ya zuba mata ranƙwashi a tsakar ka, irin wanda rabonta da shi tun tana firamare.

"Wayyo!" Ta dafe wurin.

"Kai, me ta yi maka?" in ji Mama.

"Ta sani."

Ya yi zafi ƙwarai, har ƙwalla sai da ta fito. Auta ta zauna tana murza kanta, tana jin wurin da kowace gaɓar yatsa ta sauka, ba wadda ta yi fashi. Ta matsa kusa da shi ta sunkuyar da kai.

"Ƙara ɗaya, Yaya," ta ce.